Yatsu Uku a Kan Man Kaɗanya

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya tashe mu lafiya, ya kuma kawo mu wannan fili lafiya.

Mai girma shugaban taro, Baba Haggai Mika, tsohon soja kuma uban ƙungiyarmu. Mai girma wakilin Mai Martaba Sarkin Zuru. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma. Hakimai da dagatai da masu unguwanni. Limamanmu da fastocinmu. Iyayenmu tsofaffin sojoji da kuka jeru a gaba kamar ana shirin fareti. 'Yarmu lauya, Barista Glory, wadda ta baro aikinta a Abuja saboda mu. Maƙera da masaƙa da masu injin niƙa. 'Yan uwana mata masu man kaɗanya na Zuru da Ribah da Bena da Sakaba. Sauran jama'a maza da mata: assalamu alaikum, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina gode wa shugaban taro da ya ba ni lasifika, ko da yake ya san an ce in na karɓa ba na mayarwa. Ina gode wa matan da suka bar ƙwarar kaɗanya a shanya suka hau babur tun da safe, musamman na wajen Bena da Sakaba, domin kowa ya san a 'yan shekarun nan ba hanya ba ce da mutum ke bi don shan iska. Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya kamar yadda ya kawo ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Asama'u Talle, ni ce shugabar ƙungiyar mata masu man kaɗanya ta wannan yanki. Na saba tsayawa gabanku ina faɗa a kan tsabtar tukunya da yawan ruwa a mai. Yau ba faɗa ya kawo ni ba. Tsoro ne ya kawo ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoron ya hana ni cin abinci yadda na saba.

Magana ta farko, ku dubi abin da ke hannuna. Curin mai ne da aka zuba a ƙoƙo, aka kife shi a kan ganye, aka ɗaure da zare ja da baƙi. A samansa ga gurbin yatsu uku. Yaranmu na yanzu suna tsammanin ado ne. Baƙi suna tsammanin alamar mai kyau ce. Bari in faɗa a gaban kowa yadda abin ya samo asali, tun da akwai sauran masu iya gyara mini in na yi kuskure.

Lokacin yaƙin basasa, samarin duwatsun nan sun shiga soja da yawa, kamar yadda iyayenmu na layin gaba za su shaida. Iyayensu mata ba su san biro ba, ba su san takarda ba, waya kuwa ko labarinta babu. Abin da uwa ke iya aika wa ɗanta shi ne mai, ya shafa a ƙafar da takalmi ya cinye, ya shafa a rauni, ya sa a miya in ya samu. Sai matan ƙauyukanmu suka yi shawara a tsakaninsu. In mai ya fara kama jiki, bai gama daskarewa ba, uwa za ta danna yatsunta. Yatsu uku, gida lafiya. Yatsu biyu, an yi rashi a dangi, amma uwa tana nan. In kuwa ka buɗe ganye ka ga mai sumul, babu yatsa ko ɗaya, to hannun da ke dannawa ne ya kwanta, wata ce ta zuba man don ta sanar da kai. Cikin waɗanda suka fara wannan akwai Kaka Dodo, ga ta can zaune a gindin bishiya, an ɗauko ta daga wajen Ribah don wannan taro. Kaka, muna gaisuwa.

Da tafiya ta yi tafiya, matan bariki na wasu ƙabilu suka gane man Zuru ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi. Suka riƙa cewa a ba su mai yatsu. Daga Kaduna zuwa Jos, daga Legas zuwa Maiduguri, duk inda akwai bariki akwai mai yatsu. Da shi muka yi wa yara makaranta, da shi gwauraye matan sojoji suka riƙe gidaje bayan an kawo musu akwatin gawa da tuta. Amma har yau, in uwa za ta aika wa ɗanta na cikinta, ba ciniki take yi ba, magana take yi da shi.

Magana ta biyu ita ce doka, kuma a nan zan bi a hankali, domin Barista tana kallona. A farkon shekarar 2023 an sa hannu a kan wata doka da ta yi wa tsohuwar dokar tambarin kaya gyara. Da, abin da muka sani mutum yana yi wa suna rajista, ko wani hoto da yake mannawa a kayansa. Yanzu doka ta fito fili ta ce siffar kaya ma tana iya zama tambari, yadda aka ƙunshe kaya yana iya zama tambari, haɗin launi yana iya zama tambari. Ban ce dokar mugunta ce ba. Da mun farka da wuri, da mu ta fara yi wa amfani. Amma mu muna can muna tsintar ƙwara, wasu suna can suna karanta ta.

Wani kamfani, wanda ba zan kama sunansa ba domin lauya ta ja mini kunne, ya fara zuba man kaɗanya a robobi. Murfin robar an yi shi da gurbin yatsu uku. Jikinta ja da baƙi. Suka kai ofishin rajista a Abuja suka ce wannan siffa tasu ce, wannan launi nasu ne. Ofishi ya buga neman nasu a mujallarsa, mujallar da babu ko ɗaya a cikinmu da ta taɓa gani, don duk mai ja ya fito ya ja. Wata biyu doka ta bayar. Allah ya sa idon Barista Glory ya faɗa a kai, ta kira ni nan take. Yau da nake tsaye a nan, fiye da rabin lokacin ya tafi.

An ce mai kamfanin a bariki ya tashi. Ba mamaki uwarsa ta shafa masa manmu yana jariri. Ban zage shi ba, ba kuma zan zage shi ba, domin ina jin bai san abin da ya ɗauka ba. Ya ga ado ya ɗauki ado. Amma ku yi tunani, jama'a: yatsun roba kullum uku ne. Ko an mutu uku ne, ko ana raye uku ne. Inji ne ke cewa gida lafiya, injin da bai san gidan kowa ba.

Na ga maƙera suna murmushi a can baya, suna cewa wannan rigimar mata ce. Ku bar murmushi, 'yan uwana. Garmar da kuke lanƙwasa wa baki don ta shiga tsakanin duwatsu, da injin da Malam Yari ya yi wa dabara har yake niƙa ƙwara ba ya cushewa, su ma akwai dokarsu, ta ƙirƙira da ta zane. Lauya ta ce a can, wanda ya riga kai takarda shi ake fara saurara. Ta kuma ce sabon abin da ka baje a kasuwa kowa ya gani kafin ka nemi rajista, a idon doka ya daina zama sabo, ko da kai ne ka ƙirƙiro shi. Mu kuwa mutanen Zuru, in mutum ya gano dabara da safe, kafin azahar ya tara maƙwabta yana nuna musu, har yana rantse musu cewa babu wuya. Halinmu ne mai kyau, amma yau ya zama abin da nake jin tsoro. Lauya ta ce an ƙulla yarjejeniyoyi a duniya a shekarar 2024 kan ilimin gargajiya da kan zanen kaya, ana kuma maganar dokar da za ta kare sunan gari a kan kayansa. Madalla. Sai dai wata biyun nan ba zai tsaya ya jira su ba.

Magana ta uku, ita ce ta hana ni barci. Na nemi izinin mai ita kafin in faɗa, ta ce in faɗa.

Kun san Theresa, matar marigayi Saje Justice, ga ta nan a layi na biyu ta sunkuyar da kai. Ni Musulma ce, ita Kirista, amma turmi ɗaya muke daka tun muna amare. Mijinta ya rasu a bakin aiki, ta riƙe yara da man nan, babban ɗanta Aaron ya bi sawun ubansa, yanzu kofur ne, yana can arewa maso gabas. Akwai wata mai shago a kasuwar bariki a Kaduna da ta daɗe tana karɓar manta. Kwanakin baya lauyoyin kamfanin nan suka aika wa masu shaguna gargaɗi, cewa duk mai sayar da mai mai yatsu uku wanda ba nasu ba, jabu yake sayarwa, kuma za su bi haƙƙinsu. Mai shago ta tsorata, ta haɗa kayan Theresa kaf ta mayar mata a mota. Ban ga laifinta ba, ita ma 'ya'ya gare ta.

Theresa ta shigo gidana ko sallama ba ta yi daidai ba. Ta ce, "Yaya Asama'u, wai ni ce mai jabu? Yatsun uwata ne fa. In aka kama ni, wa zai riƙe mini yaran nan?"

Na ba ta haƙuri, na ce lauya ta ce ba a ma gama ba su rajistar ba, babu mai kama ta. Ta ce to. Amma tsoro ba ya jin bayani. Da ta koma ta dafa sabon mai, ya fara kama jiki, ta ɗaga hannu za ta danna, sai ta ji kamar ɗan sanda na tsaye a bayanta. Ta ɗauki bayan ludayi ta shafe saman kowane curi sumul. A cikinsu har da wanda za ta aika wa Aaron ta hannun wani abokin aikinsa da ya zo hutu zai koma. Ta ce a ranta ai za ta kira shi ta yi masa bayani, kuma ai yaran zamani ba su damu da waɗannan abubuwa ba. Ta kira, ta kira, waya ba ta shiga. Inda aka kai su babu layi.

Aaron ya karɓi saƙo a daji. Ya kwance zare, ya buɗe ganye, ya ga mai sumul. Wanda ya kawo ba ɗan ƙasar Zuru ba ne, a tasha aka miƙa masa, abin da ya iya faɗa kawai wata yarinya ce ta ba shi. Yaron nan bai tambayi kowa komai ba. Ya mayar da ganye ya ɗaure, ya sa a jakarsa, ya ci gaba da aiki makonni yana ganin kansa maraya.

Ranar da aka fito da su inda waya ke shiga, bai kira lambar uwarsa ba. Ƙanwarsa Goodness ya kira. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Goodness, a ina kuka sa ta? Kusa da Baba?"

Yarinya ta rasa gane maganar, ta miƙa wa uwar waya. Da ya ji muryar Theresa sai ya kashe. Sai da kawunsa ya kira shi ya rantse masa, sannan ya yarda ya sake sauraro. Bayan an gama koke-koke, ya faɗa wa uwarsa wata magana da nake so kowace uwar soja a filin nan ta ji. Ya ce a makonnin nan, in an buɗe musu wuta, ko kwanciya ƙasa ba ya yi, domin bai ga wanda zai koma wa ba.

Iyayena tsofaffin sojoji, ku kun fi ni sanin ma'anar wannan magana. Allah ne kaɗai ya tsare yaron nan, ba dabarar kowa ba. Kuma na zaga kasuwa da idona na gani, ba Theresa kaɗai ta fara shafe mai ba. Tsoro ya shiga gidaje. Yau curi nawa ne suke kan hanya sumul? Suna hannun wa, za su faɗa hannun ɗan wa, a wane daji? Wannan tambaya ce ke tayar da ni zaune.

Magana ta huɗu, kuma ita ce dalilin taron nan. Doka ba ta yar da mu ba. Barista ta ce doka ta san da wanda ya riga amfani da alama tun kafin wani ya zo neman rajista, kuma muna da damar mu ja, mu kuma nemi rajista da sunan ƙungiya, ba da sunan mace ɗaya ba. Amma ofishi ba ya karɓar "kowa ya sani". Hujja yake so. Mu ba mu da rasit na zamanin yaƙi, ba mu da hoto, ba mu da talla a jarida. Abin da muke da shi tsofaffi ne: uwayen da suka danna, da sojojin da suka buɗe ganye suka karanta. Abin da ake nema shi ne su je gaban jami'in kotu su faɗi abin da suka gani, a rubuta, su tabbatar gaskiya ne, su sa hannu.

A nan muka maƙale. Da aka ce takardar rantsuwa, sai kowa ya ja da baya. Mutanen da suka tsaya gaban harsashi, yau sun ce gwiwa na ciwo. Wani ya ce addininsa ya hana shi rantsuwa sam. Wata ta ce ba za ta dafa Alƙur'ani a kan abin duniya ba. Na je wurin fasto, na je wurin liman, ga su nan zaune, dukansu sun ce faɗin gaskiya don a tsare haƙƙin marayu ba zunubi ba ne, ɓoye ta ne abin tsoro. Lauya ta ce doka ma ta yarda wanda imaninsa ya hana shi rantsuwa ya tabbatar da baki, ba tare da ya taɓa littafi ba. Kuka ce rantsuwa rantsuwa ce, ko da littafi ko babu.

Sannan ga kunya. Wadda na je wa sai ta ce ai ba ita ta fara ba, a je wa wance, ta girme ta. Wance ta ce yaya za ta buɗe baki ta ce nata, abin da na kowa ne? Haka aka yi ta tura ni gida gida har na isa wurin Kaka Dodo, wadda babu wanda ya girme ta balle ta tura ni gaba.

Na durƙusa na faɗa mata komai. Da harshenmu na C'lela ta amsa mini, ni ce na mayar da Hausa. Ta ce, "'Yata, ina yarinya na ga mutum ya rantse a kan iyakar gona, bai ga girbin shekarar ba. Na tsufa ban taɓa rantsuwa ba. Ki bar ni in tafi da bakina a wanke."

Ban yi mata musu ba, ba kuma zan yi mata a gaban jama'a ba. Tsoronta na gaske ne, a cikinsa aka rene mu duka. Ni ma in aka ce in tsaya gaban hukuma in ɗaga hannu, tsoro nake ji. Zan je, zan faɗi nawa, amma ba a haife ni ba lokacin da aka fara, shaidata rabi ce. Iyayena, abin da nake roƙo ku duba shi ne wannan. Wanda kuka gani ya rantse ya mutu, a kan ƙarya ya rantse ko a kan gaskiya? Ku kuwa me za ku faɗa wanda ba ku gani da idonku ba? Bara waɗanda suka ga farkon abin nan sun fi na bana yawa. Baɗi za su fi na bana kaɗan. Lokacin da doka ta ba mu ya fi wannan gajarta. In ya wuce ba mu ce komai ba, shirunmu shi zai zama amsa. Za a ce da mu je kotu daga baya, kuma kun san mace mai tsintar ƙwara ba ta iya doguwar shari'a da kamfani. Mata za su ci gaba da shafe mai don tsoro, yaranmu a daji za su ci gaba da buɗe ganye suna ganin iyayensu sun mutu, har ranar da za su daina dubawa gaba ɗaya.

Mai girma shugaban taro, da izininka, a ɗora ƙwaryar nan a kan tebur. Theresa ce ta dafa man nan, ya fara kama jiki, bai gama daskarewa ba. Daga cikinsa za a yanka wa Aaron, akwai mai komawa wajensu gobe. Theresa ta gaya mini ba za ta sake danna yatsa a mai ba sai ta ga na iyayenmu tsofaffi a gaban nata, domin ita kaɗai ba za ta iya ba. Don haka duk tsoho ko tsohuwar da ta yarda ta bi Barista zuwa kotu, ba na neman ta yi magana a lasifika. Ta taso kawai ta danna yatsunta uku a nan. Kun fi ni sanin mai. In ya daskare, ko ka danna ba ya karɓa, kuma ba za mu sake aika wa yaron nan mai sumul ba. Sai dai ya yi ta jira bai ga komai daga gida ba.

Na ga Kaka Dodo tana laluben sandarta. Ban sani ba ko nan za ta zo, ko gida take so a mayar da ita. Kada kowa ya kama mata hannu ya juya ta. Ku dai buɗe mata hanya ta kowane ɓangare.

Ya Allah, ka cire mana tsoron da ba shi da amfani, ka bar mana tsoronka. Ka tsare 'ya'yanmu da ke bakin daga, ka sa in sun buɗe ganye su ga gida lafiya, kuma ya kasance gaskiya ne. Ka jiƙan waɗanda suka kwanta, ka ƙara wa tsofaffinmu kwana da ƙarfin zuciya. Ka ba masu riƙe da doka idon ganin talaka. Ka zaunar da ƙasar Zuru da jihar Kebbi da Najeriya lafiya, ka mayar da kowa gidansa ba tare da ya gamu da mugun abu a hanya ba.

Ƙwarya tana nan a buɗe, iyayena. Na gode.